Bayan An Yanke Ƙafa Ko Hannu: Jagora Ga Majinyaci Da Mutanen Gidansa

Makon farko bayan sallama daga asibiti, gida ba ya rabuwa da baƙi. Takalma sun cika ƙofar ɗaki, kwanukan abinci sun yi layi, kowa na cewa "Allah Ya sa kaffara ne", "Allah Ya kiyaye gaba". Zuwa mako na shida sai ka ji ɗif. Kowa ya koma harkarsa, an bar mutum da bango huɗu da wani dungu naɗe da bandeji wanda har yanzu bai yarda ya kalle shi sosai ba. Na yi jinyar ƙanena bayan haɗarin babur ya ci ƙafarsa ta hagu, kuma abin da na gane shi ne a wannan shirun ne ainihin jinyar take farawa. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma 'yar'uwa, ke ma da ke nake.

Tun kafin a shiga tiyata

Idan kana karanta wannan ne likita ya riga ya ce sai an yanke, ku kuma kuna ta shawara, to ku saurara. Ƙafar da jini ya daina kai mata, ta yi baƙi, ta fara wari, ba ta dawowa. Ruɓar hawa take yi. Mutane da yawa sun sa hannu sun ɗauke majinyacinsu daga asibiti zuwa wajen mai ɗori ko mai magani, suka dawo bayan kwana goma, abin da za a yanke a ƙasan gwiwa ya koma sai a cinya. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai yawa: wanda aka bar wa gwiwarsa yana koyon tafiya da ƙafar roba cikin sauƙi kuma bai cika gajiya ba, wanda aka yanke a cinya kuwa kowane taku sai ya ci ƙarfinsa.

Kuna da haƙƙin neman ra'ayin likita na biyu, amma ku yi shi a yau, ba mako mai zuwa ba. Ku tambayi likitan tiyata a ina zai yanke, me ya sa a nan, kuma dungun zai dace da ƙafar roba? Gaɓar da aka cire, abin da malamai suka saba faɗa shi ne a naɗe ta a kyalle a binne, ba a yi mata salla. Namiji ɗaya daga dangi ya ɗauki wannan nauyin, kada a bar wa majinyaci tunaninsa.

Mataki na farko: a bar shi ya yi kukansa

Mu Hausawa muna da saurin cewa "yi haƙuri" tun mutum bai buɗe baki ba. Namiji ya zubar da hawaye a ce ya gaza, mace ta yi shiru a ce ta ƙi ƙaddara. Annabi (SAW) ya yi hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da Ubangijinmu bai yarda da shi ba. Iyakar ke nan: harshe. Hawaye ba su rushe tawakkali.

Wanda ya rasa gaɓa makoki yake yi, ko da ba a shimfiɗa tabarma ba. Yau ya yi raha, gobe ya ƙi abinci, jibi ya huce a kan matarsa saboda ta ajiye buta nesa. Mai jinya ya san ba da shi ake ba. Akwai maganganun da ya kamata babban gida ya hana 'yan dubiya tun daga zaure: "da ba ka hau babur ɗin nan ba", "da an kai shi wajen wane da ba a yanke ba", "wannan ai sammu ne". Na ƙarshen nan ya fi kowanne illa, domin yana raba zumunci a lokacin da aka fi bukatarsa, kuma yana kwashe kuɗin magani zuwa aljihun 'yan tsibbu.

Sai dai akwai baƙin cikin da ya wuce na al'ada. Idan an shafe makonni ba barci, ba cin abinci, ya daina kula da tsabtarsa, ko ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, kada ku ce shaiɗan ne kawai ku tofa masa addu'a ku tashi. Ku yi addu'ar, ku kawar da magunguna da fiya-fiya da duk wani makami daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai, sannan ku gaya wa likitansa a ranar. Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitoci na musamman a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Zuwa can ba hauka ba ne.

Mataki na biyu: dungu shi ne jarinka

A nan zan daɗe, domin a nan ake asarar da ba a ganewa sai daga baya. Yadda ka kula da dungu a watanni uku na farko shi zai yanke hukuncin ko za ka yi tafiya da ƙafar roba ko za ka jingine ta a bayan ƙofa.

Abu na farko, kada gaɓa ta ƙage. Mai ciwo yana jin daɗin lanƙwashe gwiwa ya sa matashi a ƙarƙashinta, mai jinya ma cikin tausayi shi yake miƙa masa. Idan aka ɗauki makonni a haka, jijiyoyi sai su taƙure, gwiwar ta ƙi miƙewa, kuma ba a ɗora ƙafar roba yadda ya kamata a kan gwiwar da ta ƙage. Wanda aka yanke a ƙasan gwiwa ya riƙa miƙe ta idan yana kwance ko zaune, a sa masa katako ko wata kujera ta tallafe dungun, kada ya bar shi yana reto. Wanda aka yanke a cinya kada ya yini a zaune, kada ya ɗora dungun a kan matashi. Idan likita ya yarda, a riƙa kwanciya rub da ciki kamar minti 20 zuwa 30, sau biyu a rana, domin ƙugu ya miƙe.

Na biyu, naɗi. Bayan an cire zare, yawanci mako 2 zuwa 3 da tiyata, ana naɗe dungu da bandeji mai talewa don kumburi ya sauka, ya tsuke ya yi siffa. Ba zagaye ake yi kamar ɗaurin rawani ba. A karkace ake yi, ana gittawa, ya fi matsewa a ƙasa ya sassauta yayin da ake hawa. Idan aka matse sama aka bar ƙasa, jini zai taru dungun ya yi kan tulu. Kada ku bar asibiti sai ma'aikacin gashin ƙashi ya nuna wa mutum biyu daga gida, sun kuma naɗa a gabansa. Ku sayi bandeji biyu ko uku, ana wanke ɗaya ana amfani da ɗaya.

Na uku, tsabta da dubawa. Idan ciwon ya rufe, a wanke da ruwa da sabulu mara ƙarfi kullum, an fi so da dare, a tsane sosai. Ka nemi ƙaramin madubi ka riƙa duba ƙasan dungun da bayansa. Ja da ba ya gushewa, zafi, ruwa ko mugunya, wari, zazzaɓi, ko fatar ta fara baƙi: asibiti a ranar. Kada a barbaɗa toka ko garin kafso ko wani ƙulli a kan ciwo, komai girman wanda ya kawo shi. Idan ya warke, ka riƙa shafa shi da hannunka, kana ɗan bubbugawa a hankali, domin fatar ta saba da taɓi. Wannan shafar tana da wani amfanin: ita ce sulhunka da jikinka.

Mai ciwon suga, ƙafar da ta rage yanzu ita ke ɗauke da kai gaba ɗaya. Ka duba ta kullum har tsakanin yatsu, kada ka taka ƙasa ba takalmi ko da a tsakar gida, kada wanzami ko mai yankan farce ya kusance ta da aska, kada ka gasa ta a garwashi lokacin hunturu. Taba kuwa, ko sigari ko shisha, tana tsuke hanyoyin jini. A bar ta.

Ƙafar da babu amma tana ciwo

Wata rana ƙanena ya tashe ni cikin dare ya ce babban yatsansa na hagu yana masa ƙaiƙayi. Muka kalli juna. Ya ɗauka ya fara taɓuwa, wata gwaggonmu kuma ta ce aikin iska ne. Ba ko ɗaya. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin kamar tana nan, wasu har da zugi ko suka ko ƙuna, saboda ƙwaƙwalwa ba ta goge taswirar jikin da ta sani ba, jijiyoyin da aka yanke kuma suna ci gaba da aika saƙo. Ga da yawa abin yana raguwa da lokaci.

Naɗi mai kyau da shafa dungu suna taimakawa. Akwai kuma dabarar madubi da masu gashin ƙashi suke koyarwa: ka ajiye dogon madubi tsakanin ƙafafunka, dungun a ɓoye a bayansa, ka riƙa motsa lafiyayyar kana kallon hotonta kamar ita ce wadda ta tafi, minti 10 zuwa 15 a rana. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan. Idan zugin ya hana barci, likita yana da magungunan ciwon jijiya da suka bambanta da na ciwon jiki. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne tiramol da makamantansa daga kemis ba da takardar likita ba. Matasa da yawa sun tsira daga haɗari suka faɗa wannan ramin.

Wannan jin yana da wani haɗari. Mutum ya farka cikin magagi zai kama ruwa, ya manta, ya sauke ƙafar da babu, ya faɗi a kan dungun, ɗinki ya buɗe. Ku sa kujera ta tare gefen gado, a bar fitila kusa, a ajiye masa fo ko robar fitsari da dare.

Mataki na uku: komawa kan sallaya

Mutane da yawa suna barin salla a asibiti saboda bandeji da robar fitsari da kunyar tambaya, sai barin ya zarce har gida. Ka dawo da ita da wuri, domin ita ce za ta sake yanka maka yini gida biyar a lokacin da dare da rana suka zama ɗaya.

Hukuncin da sauƙi. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Idan kana kan kujera kuma ba ka iya kai goshi ƙasa, ka yi nuni, sujada ta fi ruku'u sunkuyawa. A alwala, idan akwai sauran wurin da aka wajabta wankewa, kamar hannun da aka yanke ƙasa da gwiwar hannu, sai ka wanke abin da ya saura. Idan yankan ya haura idon sawu ko gwiwar hannu, wankin wannan gaɓar ya faɗi, kuma ba a wanke ƙafar roba ko a yi mata shafa. Raunin da ke naɗe ana shafa a kan bandejinsa. Wanda ba ya iya alwala da kansa, wani ya yi masa. Wanda ya rasa hannun dama ya ci da hagu, ya gaisa da hagu, babu laifi a kansa, masu tsegumi su ji da kansu. Kuma ya zo a Bukhari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya.

Wurin da ke ciwo, ka ɗora hannu ka ce Bismillahi sau 3, sannan A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru sau 7, kamar yadda aka koya wa Usmanu ɗan Abil As. Addu'ar Annabi Ayyuba tana aya ta 83 a Suratul Anbiya, gajera ce, ko mai zugi zai iya maimaita ta.

Labarin da ya fi tsaya wa ƙanena a rai shi ne na Urwatu ɗan Zubairu, ɗan Asma'u 'yar Abubakar, ɗaya daga manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Ya je Sham wajen halifa Walidu ɗan Abdulmalik, ƙafarsa ta ruɓe aka yanke ta, a wannan tafiyar kuma dabba ta harbi ɗansa Muhammadu ya rasu. Abin da aka ruwaito daga gare shi, a ma'ana, shi ne: Ya Allah, gaɓoɓi huɗu Ka ba ni, Ka karɓi ɗaya Ka bar min uku, idan Ka karɓa ai Ka bari. Ya koma Madina ya ci gaba da karantarwa. Ni abin da nake so a lura da shi shi ne ya yarda an yanke, kuma bai ajiye aikinsa ba. Mai shakkar halaccin gaɓar roba kuwa ya tuna Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya.

'Yan'uwa Kirista suna da nasu madogara a littafin Ayuba da wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 12, inda ya roƙi a cire masa ƙaya aka ce masa alheri ya ishe shi. Ko masallaci ko coci, shawarar ɗaya ce: da zarar ka iya, ka koma cikin jama'a. Fitar farko tana da nauyi, idanu za su bi ka. Ta uku ba wanda zai waiwayo.

Mataki na huɗu: aikin dangi

An ce zumunci a ƙafa yake. To yanzu ƙafar taku ce. Ku zauna ku raba aiki da suna: wane ke kai shi asibiti, wane ke sayen magani, wa zai kwana da shi ran Talata. Idan aka bar shi a "duk za mu yi", a kan mace ɗaya zai ƙare, matarsa ko mahaifiyarsa, har ita ma ta kwanta. A ba ta hutun yini guda a mako, ta je unguwa, ta yi barci. Kuɗin da 'yan dubiya suka bayar a rubuta, a ware kaso tun yanzu don ƙafar roba da kuɗin mota, kada ya tafi duka a lemo da naman kaza.

Gidan ma sai an taɓa shi. Masai na tsuguno shi ne babbar matsala: kafinta zai iya fasa kujera mai ƙwari a tsakiya a ɗora a kai, mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a bango. A sa kujerar roba a banɗaki, a gyara dokin ƙofa idan keke zai wuce, a kwashe tabarmi masu santsi daga hanya. Sandunan dogarawa a daidaita tsawonsu, nauyi a tafin hannu yake, ba a hammata ba, domin dannar hammata tana kashe jijiyar hannu.

Ga inda nake saɓawa da mutane da yawa. Tausayi idan ya yi yawa nakasa ce ta biyu. Ranar da ƙanena ya ce min, "Yaya, don Allah bar ni in ɗauko da kaina," na ji haushi, na tsaya ina kallonsa yana fama da kofin ruwa da sanduna biyu, rabin ruwan a ƙasa. Daga baya na gane wannan rabin kofin ya fi masa duk waɗanda na kawo masa a cike. Abin da zai iya, ku bar shi ya yi ko zai ɗauki awa. Idan magidanci ne, a ci gaba da kawo masa maganar gida, kuɗin cefane ya bi ta hannunsa ko da wani ne ya bayar. Kada a riƙa tambayar mai tura keke "ya jikin nasa?" alhali ga shi zaune. Yara kuma a gaya musu gaskiya a taƙaice, a bar su su gani, su tambaya. Su ne suka fi kowa saurin sabawa.

Mace tana da ƙarin nauyi: tsoron saki, tsoron kishiya, budurwa kuma tsoron ko za a aure ta. Miji ya sani kalma ɗaya daga bakinsa ta fi wa'azin malami goma, kuma iyayensa su kame bakinsu. Yankan gaɓa ba ya hana zaman aure, ba ya hana haihuwa. Yarinya ko yaro kuwa su koma makaranta da zarar ciwo ya warke.

Mataki na biyar: ƙafar roba

Ana fara maganarta idan ciwo ya rufe, kumburi ya sauka, galibi bayan wata 2 zuwa 3, mai ciwon suga yana iya wuce haka. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana da sashen haɗa gaɓoɓin roba. A Maiduguri akwai cibiya a cikin asibitin koyarwa na jami'a da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta taimaka aka kafa. Ka nemi takardar turawa daga likitanka, ka tambayi sashen walwalar marasa lafiya ko akwai tallafi.

Kada ka sayi ta gwanjo, kada ka ari ta mamaci. Kwandon da dungu ke shiga a jikinka ake gwada shi, idan bai zauna ba zai ci maka fata. Ranakun farko ana sa ta na ɗan lokaci ne, a cire a duba fata, a ƙara a hankali. Dungun zai ci gaba da ramewa a shekarar farko, za ka ƙara safa, daga baya a sake kwandon. Yaro mai girma kuwa sai an riƙa canza masa. A zafinmu gumi yana taruwa, don haka safa mai tsabta kullum, a goge cikin kwandon da dare, kada a bar ta a rana ko kusa da murhu. Tsayin dunduniyar takalmi ma kada ya canza daga wanda aka daidaita ta da shi. Mai hannu ɗaya ya sani hannun roba ya fi amfani wajen tallafe abu da kyan gani. Ainihin aikin shi ne horar da hannun da ya rage, rubutu, ɗaurin zariya, sa maɓalli. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yana riƙe alƙalami da waya da ma'auni.

Abin da za a ci

Za a samu mai ba da shawarar bara, wani lokaci daga cikin gida, a ce ai yanzu yana da hujja. Ku toshe wannan ƙofar da wuri. Ku fara da sana'ar da ya sani: direba zai iya kula da lodi ko sayar da kayan gyara, manomi ya koma awo ko kiwo a gida, tela ya sa wa kekensa mota. Gudummawar dangi ta zama jari a dunƙule maimakon ɗari biyar-biyar da ke ƙarewa a shayi. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka, a kai takarda. Ma'aikaci kada ya yi gaggawar ajiye aiki: dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta haramta nuna masa bambanci saboda nakasa, ta kuma ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma wanda ya san dokar ba a kora shi da baki.

Sannan ka nemi wanda ya riga ka. A layin sashen gaɓoɓin roba za ka same su, wani shekara goma da tasa, ya zo a kan babur ɗinsa. Ka karɓi lambarsa. Shi zai gaya maka yadda ake hawa Adaidaita Sahu da wace ƙafa ake fara sawa, da yadda ake zama a tabarmar ɗaurin aure a tashi ba a nemi hannu ba. Matasa su tambayi masu ƙwallon ƙafa na sanduna, 'yan wasa bakwai-bakwai, na fili masu ƙafa ɗaya, mai tsaron gida mai hannu ɗaya. A wajen wani da ya riga shi sa ƙafar roba ƙanena ya koyi cewa idan zai hau matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba, idan zai sauka ta roba ce gaba, kuma da wannan ya hau benen masallacin Juma'ar unguwarmu a watansa na bakwai.